Taƙaddamar Izinin Gini a Wuraren Tarihi: Misali Daga Ganuwar Kano

Gabatarwa

A darussan al'adun Hausawa an saba koya wa ɗalibai yadda Bahaushe yake gina gida da gari, wato tubali da yaɓe, azara da makuba, zaure da soro, ganuwa da ƙofa. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne halin da waɗannan gine-gine suke shiga bayan sun tsufa, gari ya cika ya batse, ƙasar da suke kai kuma ta yi tsada. A nan ne rigima takan tashi tsakanin mai son yin gini da hukumar da aka ɗora wa alhakin kare wurin. Wannan babi zai yi bayanin yadda irin wannan taƙaddama take aukuwa, da dokokin da suka shafe ta, da dalilin da ya sa take da wuyar warwarewa. An ɗauki ganuwar birnin Kano a matsayin misali, domin kusan babu wani nau'in rikicin gini a wurin tarihi da bai taɓa faruwa a jikinta ba.

Takardu uku da ake yawan cakuɗawa

Kafin a shiga batun ganuwa, ya kamata ɗalibi ya bambance abubuwa uku da jama'a suke ɗauka tamkar abu ɗaya ne. Na farko shi ne takardar mallakar fili, wadda take nuna cewa wane ne yake da haƙƙin riƙe fili kaza. Na biyu shi ne izinin gini, wanda hukumar tsara birane take bayarwa bayan ta duba taswirar ginin, ta tabbatar bai shiga hanya ba, bai toshe magudanar ruwa ba, kuma ya dace da unguwar da za a yi shi. Na uku shi ne izinin taɓa wurin tarihi. Idan gwamnati ta ayyana wani gini ko wani wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, to ya shiga ƙarƙashin kariyar doka, ba a rushe shi, ba a sauya masa kama, ba a haƙa a cikinsa sai da yardar hukumar da take kula da shi, ko da kuwa mai shi ne da kansa zai yi hakan.

Samun ɗaya daga cikin waɗannan takardu ba ya wadatarwa daga sauran. Mutum yana iya riƙe takardar mallaka sahihiya, ya sami izinin gini mai hatimi, amma duk da haka gininsa ya saɓa wa dokar kayan tarihi. Yawancin taƙaddamar da za a yi magana a kanta daga nan take tasowa. Sau da yawa ba rigima ce tsakanin mai takarda da marar takarda ba. Kowane ɓangare yana da takardar da wata hukuma ta ba shi.

Ganuwar Kano da abin da ya raunana ta

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwar, ɗansa Tsaraki kuma ya kammala ta. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), aka sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623), lokacin da Wambai Giwa ya jagoranci aikin da ya kai ta har Kabuga da Kansakali. Ta kewaye unguwanni da gonaki da makiyaya da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, ta yadda ko an yi wa gari ƙawanya mutanen ciki ba za su rasa abinci da ruwa ba. Ana shiga da fita ta ƙofofi irin su Ƙofar Mata, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Ɗan'agundi, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Gadon Ƙaya, Ƙofar Kabuga, Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal, kowace da sarkin ƙofarta. Mai nazarin harshe zai lura cewa kalmar badala asalinta tana nufin dakalin da yake jikin ganuwa ta ciki, inda mayaƙa suke tsayawa su yi harbi, amma a bakin Kanawan yau ta zama sunan ganuwar ɗungurungum.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Kowace damina takan zaftare wani abu daga jikinsa, kowane rani kuma sai an mayar. A da, wannan aiki ne na gari baki ɗaya, sarki ya ba da umarni, masu unguwanni su fito da mutanensu, magina su ja gaba. Bayan da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ganuwa ta rasa aikin da aka gina ta dominsa, wato tsaro. Sannu a hankali gayyar gyaranta ta mutu. Sauye-sauyen mulki da suka rage ikon hukumar En'e, musamman gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, sun raba masarauta da ikon da take da shi a kan filaye da kuɗin aiki. Ganuwa ta koma tudun ƙasa a wurare da dama, masu gini suna ɗibar ƙasarta su yi tubali, wasu suna zuba shara, wasu suna fasa ta su yi hanyar wucewa.

A lokaci guda kuma jama'a suna ta ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, babban kaso daga cikinsu a birni da kewayensa. Ganuwar da take a bakin gari a da, yanzu ta koma tsakiyar gari, manyan tituna suna bin gefenta. Filin da yake jikin titi kuwa shi ne wanda ɗan kasuwa ya fi so. Hatta kududdufan da aka haƙa lokacin ɗibar ƙasar gini, waɗanda suka zama matattarar ruwan sama, an cike da yawa daga cikinsu an yanka fulotai. Ruwan da ya rasa mazauninsa sai ya nemi wani, ko dai ya shiga gidaje, ko ya kwanta a gindin ganuwa ya ci ta ta ƙasa.

Wane ne yake da iko da ganuwa?

Dokar farko mai ƙarfi a kan kayan tarihi a Nijeriya ita ce ta 1953, kuma a ƙarƙashinta ne aka ayyana ganuwar Kano da ƙofofinta da Gidan Makama a matsayin abubuwan tarihi na ƙasa. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta maye gurbinta, ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Adana Kayan Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Wannan hukuma ta Gwamnatin Tarayya ce. Dokar ta haramta rushe abin tarihi ko ɓata shi ko sauya shi ko haƙa a cikinsa da gangan, ta kuma tanadi hukuncin tarar Naira 1,000 ko ninki biyu na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa wa mutum duka. A 1979 Naira 1,000 kuɗi ce mai auki. A yau ba ta sayen buhun siminti ɗaya. Batun ninki biyu na daraja kuwa, wace kotu ce za ta iya yi wa ganuwar da ta haura shekara 800 kuɗi?

Ƙasar da ganuwar take zaune a kai tana hannun wani daban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, kuma shi ne mai ba da takardar mallakar fili a cikin birane. Shi ne kuma dokar ta ba ikon soke takardar idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, bisa sharaɗin sanarwa da biyan diyyar abin da aka gina.

Izinin gini shi ma na jiha ne. Gwamnatin soja ta yi Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 domin ta yi aiki a ƙasa baki ɗaya, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, in ban da Babban Birnin Tarayya. A Kano, Hukumar Tsara Birane ta jiha, wadda aka fi sani da KNUPDA, ita take duba taswira ta ba da izini, ita kuma take shafa jan fenti a ginin da ta ce an yi ba bisa ƙa'ida ba.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa tarayya tana da haƙƙin kare ganuwa amma ba ita take raba filin da yake gefenta ba. Jiha tana raba fili tana ba da izini amma ba ita doka ta ɗora wa kare ganuwar kai tsaye ba. Masarauta kuwa, wadda kakanninta suka gina ta, tana da girma da faɗa-a-ji amma ba ta da hatimin da zai tsayar da gini. Tsarin Mulki na 1999 bai raba gardamar ba, domin ya sa batun kayan tarihi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke iya yi wa doka, sai dai ya fifita tarayya a kan waɗanda aka ayyana na ƙasa. Idan babu wata ƙa'ida mai aiki da ta tilasta wa mai ba da izinin gini ya tuntuɓi mai kare wurin tarihi kafin ya sa hannu, to kowa zai yi aikinsa shi kaɗai, sai bayan gini ya kai linta a fara jayayya.

Akwai kuma matsalar iyaka, wadda a ganin mai wannan rubutu ta fi duk sauran nauyi. Gida yana da bango huɗu, ana iya nuna farkonsa da ƙarshensa. Ganuwar da ta zaizaye ba haka take ba. Shin abin da doka ta kare shi ne tudun da ya rage kaɗai, ko har da faɗin gindinta na asali, ko har da ramin da yake bayanta? A inda ta baje ta zama daidai da ƙasa fa, wurin yana nan a matsayin abin tarihi, ko ya koma fili kamar kowane fili? Mai son gini zai ce babu komai a wurin. Masanin tarihi zai ce tushen ganuwar yana nan a binne, da duk abin da mai haƙar tarihi zai iya samu a ciki. Muddin ba a auna an kafa turaku an sa a taswirar da ofishin filaye yake aiki da ita ba, kowannensu yana da abin faɗa a gaban alƙali.

Misalai biyu daga Kano

A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, daga baya aka gina wata mai faɗi da kayan zamani a gurbinta. Masana tarihi da masu kishin kayan gado sun yi ta suka. Wannan misali yana da muhimmanci domin mai ginin a nan ba wani ɗan kasuwa ba ne, aikin gwamnati ne, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ƙofar da aka yi domin doki da raƙumi da jaki ba za ta ɗauki motocin birni mai miliyoyin mutane ba. Tambayar ita ce ko ba a iya barin tsohuwar ƙofa a tsaye a ratsa titi ta gefenta, kamar yadda ake yi a wasu tsofaffin birane. Ƙofofi da dama na Kano sun bi wannan hanya, an sake su da siminti da ƙarfe. Suna da kyan gani, sunayensu ma suna nan, amma ɗalibin da yake son ganin yadda magina suke jera azara a kan ƙofar gari ba zai same shi a jikinsu ba.

Misali na biyu ya faru a 2023. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kama aiki ranar 29 ga Mayu, kuma cikin watan Yuni gwamnatinsa ta shiga rushe gine-ginen da ta ce gwamnatin da ta gabace ta, ta Abdullahi Umar Ganduje (2015-2023), ta ba da filayensu ba bisa ƙa'ida ba a wuraren jama'a. Rusau ɗin ya shafi shagunan da aka gina a Filin Idi da ke kusa da Ƙofar Mata, da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, da wasu wurare. Gwamnan ya kuma bayyana niyyar amfani da ɓaraguzan wajen gyaran badala. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya kotu, suna cewa da izinin hukuma suka mallaki wuraren. A watan Satumba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar Naira biliyan 30. A watan Disamba ɓangarorin biyu suka sasanta a kan Naira biliyan 3.

Filin Idi ba ganuwa ba ne, amma darasin shari'ar ya shafi duk wani gini da yake jikin badala. Gwamnati ɗaya ce a idon doka, ko da masu riƙe da ita sun sauya. Idan hukuma ta ba mutum takarda jiya, ba ta da ikon turo katafila yau ba tare da ta bi matakan soke takardar ba, komai kyan manufarta. Kuma kuɗin diyyar daga aljihun jama'a yake fita, wato mutanen gari sun yi asarar filin da farko, sannan sun biya kuɗin karɓo shi. Wanda ya sa hannu a takardar tun asali kuwa ba kasafai ake tambayarsa ba, an bar jaki ana dukan taiki. Game da ɓaraguzai kuma, magini ya san cewa fasassun bulo da kankare suna iya cike rami, amma ba su ne kayan da ake tayar da ganuwar ƙasa da su ba.

Hujjojin ɓangarorin

Bai kamata malami ya gabatar wa ɗalibansa wannan batu kamar faɗa tsakanin masu kishi da maciya amana ba. Daga cikin masu gini a jikin ganuwa akwai attajirin da ya san abin da yake yi, akwai kuma talakan da ya tara kuɗin shekaru ya sayi fuloti daga hannu na uku ko na huɗu, bai taɓa jin sunan dokar 1979 ba. Akwai mazauna unguwa da suke ganin kangon badala ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari, har suna ganin gara shago mai fitila da tudun da ba mai kula da shi. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma yana nuna cewa kariyar da ba ta tare da gyara takan jawo wa wurin tarihi baƙin jini a wurin maƙwabtansa.

Masu kare ganuwa kuma suna da hujjar da ba ta da amsa cikin sauƙi. Shago ana iya gina shi a wani wuri, ganuwar Gijimasu kuwa ba a iya sake ta. Ana iya yin kwaikwayonta, kamar yadda aka yi a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, amma kwaikwayo ba ya ɗauke da shaidar da masu bincike suke nema a cikin ƙasar asali. Saboda haka kuskure a ɓangare ɗaya yana gyaruwa da kuɗi, a ɗaya ɓangaren ba ya gyaruwa. Wannan rashin daidaito shi ne dalilin da ya sa dokokin kayan tarihi a ko'ina suke neman a tsaya a nemi izini kafin a fara, maimakon a yi shari'a bayan an gama. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Abin da ya faru a wasu wurare

Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. A Legas akwai wani gini mai fasalin Barazil da ake kira Ilojo Bar, kusa da dandalin Tinubu, wanda aka gina a ƙarni na 19, aka kuma ayyana shi abin tarihi na ƙasa a 1956. Gida ne na masu shi, ba na gwamnati ba, ya tsufa ya lalace a tsakiyar fili mai tsada ƙwarai. Ranar 11 ga Satumba, 2016, ana jajiberin Babbar Salla, aka baje shi. Tofin Allah-tsine da ya biyo baya ihu ne bayan hari.

A Ingila an ga wata hanyar daban. A watan Afrilun 2015 wani kamfani ya rushe wata tsohuwar mashaya mai suna Carlton Tavern a Landan ba tare da izini ba, ana dab da sa ta cikin jerin gine-gine masu kariya. Ƙaramar hukumar Westminster ta ba da umarnin a sake gina ta kamar yadda take, kamfanin ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba, aka sake buɗe ta a 2021. Ginin asali dai ya tafi, amma hukuncin ya cire ribar da ake nema da rushewar, abin da tara ba ta cika yi ba.

A matakin duniya kuwa, hukumar UNESCO ba ta da 'yan sanda, makaminta shi ne suna. Ta cire kwarin kogin Elbe da ke Dresden a Jamus daga jerin Wuraren Tarihi na Duniya a 2009 saboda gadar da aka dage sai an gina, bayan mutanen garin sun amince da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 2005. Ta cire birnin Liverpool na Ingila a 2021 saboda sababbin gine-gine a tsohuwar tashar jiragen ruwansa. A duka wuraren biyu an yi gine-ginen ne da cikakken izinin hukumomin gida.

Wannan ya dawo da mu Kano. A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki, a jerin share fage na UNESCO, wato jerin wuraren da ƙasa take da niyyar nema musu shiga. Sukur da ke Jihar Adamawa ta shiga cikakken jerin a 1999, kurmin Osun da ke Osogbo a 2005, tsohon birnin Agadas na Jamhuriyar Nijar, wanda shi ma ginin ƙasa ne, a 2013. Kano ba ta wuce matakin share fage ba. Daga cikin abubuwan da ake buƙata kafin a karɓi wuri akwai taswirar da ta nuna iyakarsa daki-daki, da zirin fili a kewayensa wanda ake taƙaita gini a cikinsa, da tsarin da ya fayyace hukumar da take da ta cewa idan wani ya nemi izinin gini a wurin. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da rashinsu yake haifar da taƙaddama a jikin badala, kuma jami'in da aka kai wa taswirar shago a titin da ya bi ta Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya yana buƙatar su a kan teburinsa ko da ba a taɓa neman shiga jerin UNESCO ba.